Batirin Motata Ba Tsufa Ya Yi Ba

Alhamis, 2 ga wata, da yamma

Yau mota ta kunyata ni. Muna dawowa daga asibiti, Mama a baya tana gyangyaɗi kamar yadda take yi duk ranar wankin ƙoda, muna gab da shiga gari allon ya nuna min kunkuru. Haka motar lantarki take yi in batir ya kusa ƙarewa: hoton kunkuru ya fito, ita kuma ta koma rarrafe. Shekara biyu ke nan ina bin hanyar nan duk Litinin da Alhamis, in je wancan garin in dawo, in shigo gida da ragowar caji mai kauri. Ban taɓa ganin kunkurun nan ba sai yau.

Mai keke ya wuce ni. Har da waiwaye.

Wannan ce fitata ta farko tun da aka kwance min ɗaurin hannu. Duk makonnin da na yi da karaya Yaya ne ke kai Mama. Jiya ya dawo min da makulli, an wanke motar fes, har turare aka fesa. Na yi ta zuba masa godiya sai da ya ce ya isa haka.

Asabar, 4 ga wata, da hantsi

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "Auta, batir ai tsufa yake yi. Ba kya gani a wayarki?"

Na ce, "Yaya, ba kai ne ka raka ni sayenta ba? Ba kai ka ce zai yi shekara takwas zuwa goma, ƙarfinsa na raguwa kaɗan-kaɗan kamar ana ɗibar randa da cokali ba?"

Ya ce zafi ma yana cin batir. Na ce bara ba a yi zafi ba ne? Ya ce yana kan rufin mutane yana ɗaura farantan sola, zai kira ni in ya sauko.

Har yanzu bai sauko ba.

Litinin, 6 ga wata, bayan la'asar

Na cika motar da caji taf tun jiya. Allon ya ce ɗari bisa ɗari. Na kashe na'urar sanyi, na kashe rediyo, na sauke gilashi, Mama tana fifita da gefen mayafi. Da farko lambar tana sauka a hankali kamar mutuniyar kirki. Muna wuce rabin hanya, na kalli titi na dawo da ido, daga sittin ta faɗo talatin da wani abu. Ba a hankali ba, faɗowa ɗaya kamar an ture ta daga bene.

A asibiti sai da na roƙi mai gadi ya bar ni in jona a soket ɗin ɗakinsa. Ni, da motata, da mutuncina, ina durƙushe ina laluben soket a bayan katifar mai gadi. Shi ma ya ba ni ilimi kyauta, wai shi ya sa bai yarda da motar da ba ta shan mai ba. Mutumin da ko keke ba shi da shi.

Mama ta fito daga wanki a galabaice, sai da ta ƙara zama a benci muna jiran caji. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Ni ce zan ba ki haƙuri." Na ɗauka maganar ciwonta take yi.

Talata, 7 ga wata, da safe

Kowa a unguwar nan ya zama injiniya.

Laraba, 8 ga wata, da yamma

Kawu ya zo duba Mama. Kafin ya gama shan ruwa ya gama gano matsalar motata: ina cika caji da yawa. Maƙwabciyarmu ta ce a'a, bari nake ya ƙare ƙarƙaf. Ɗaya daga cikin matan ofis ɗin nan uku da nake kaiwa aiki ta ce mijinta ya ce mata ba su iya riƙe mota ba. Na ce ta gaishe shi.

Batir tsufa yake yi. Batir tsufa yake yi. In na ƙara jin maganar nan zan fasa wani abu. Na san yana tsufa, ni ma ina tsufa. Amma ban taɓa ganin wanda ya kwanta saurayi ya wayi gari da sanda ba.

Matar Yaya ta kawo wa Mama abinci. Ta daɗe a ɗakin suna magana ƙasa-ƙasa, ina shiga suka yi tsit. Da za ta tafi ta kama hannuna, wanda ya karye, ta ce, "Allah Ya saka miki da alheri, Anti. Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana." Idonta ya ciko.

Me na yi musu? Kwano kawai na wanke na miƙa mata.

Alhamis, 9 ga wata, bayan magariba

Ba na son rubuta yau. Amma in ban rubuta ba zan je in buga ƙofar wani.

Motar ta mutu a hanya. A hawan nan da ke bayan gada, da tsakar rana, babu ko inuwar bishiya. Kunkurun ma bai yi sallama ba, allon ya ce akwai saura, ita kuma ta tsaya cak. Na kira Yaya, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Na sake kira. Na kira matarsa, ta ce ya fita tun safe. Na tsaya a gefen titi ina ɗaga wa motoci hannu kamar mai tallar kaina, Mama a ciki leɓenta ya bushe, ga shi likita ya hana ta shan ruwa da yawa.

Wani mai a-kori-kura ɗauke da buhunan siminti ne ya tausaya. Ya sa Mama a gaba, ni na hau kan siminti. Da muka isa an riga an ba wani injin wankin Mama. Ma'aikaciyar jinyar ta nuna min layin da ke zaune, ta ce duk wanda ya makara sai wani zagayen, kuma ba gurbi sai Litinin. Na roƙe ta. Ban san na iya roƙo haka ba. Ta ce, "'Yar'uwa, wa kike so in cire?" Na kalli mutanen, kowanne da kumburarriyar fuska. Na kama hannun Mama muka fito.

Motar haya muka ɗauko muka dawo. Tawa kuma motar janwe ce ta kwaso ta.

Yaya ya kira da yamma. Ban ɗauka ba. Bari shi ma ya ji yadda ringi ke da daɗi.

Juma'a, 10 ga wata, da yamma

Na sa an kai motar garejin Dogo. Shi ne mai gyaran motocin lantarki da ke bayan kasuwa, kuma tare suka koyi aikin wuta da Yaya tun suna samari.

Ya jona kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga motar sama ya shiga ƙarƙashi da tocila. Da ya fito ya ce, "Anti, wa ya buɗe batirin nan?"

Na ce ba wanda ya buɗe.

Ya ce in zo in gani. Hatimin kamfani a yage. Kan notuna duk da sabon tabon sifana. Ya yi min bayani cewa batirin mota ba dunƙule ɗaya ba ne, sassa ne a jere kamar bulo, kuma dukkansu suna tafiya ne da ƙarfin wanda ya fi rauni. Ya sauke murfin ya nuna min. Kaɗan daga ciki nawa ne, masu tsabta. Sauran, fiye da rabi, irinsu ne amma tsofaffi, an ciro su daga motocin da suka gama zamaninsu, har wasu sun fara kumbura. Ya ce shi ya sa allon ke yi min ƙarya: ya saba da lissafin masu lafiya, bai san an yi masa musanya ba.

Na ce, "Nawa na asali fa, da sun kai yaushe?"

Ya ce yadda ya ga lafiyar waɗanda suka rage, da sai na gaji da motar ba su gaji ba.

Na ce, "Aikin wa ne?"

Ya shafa wayoyin da yatsa. An ɗaure su tsaf, kowacce a layinta, kowane ƙulli yana kallon gefe ɗaya. Na san ɗaurin nan. Haka aka ɗaure wayoyin solar gidanmu. Dogo ya goge hannu da tsumma ya ce, "Aikin gwani ne. Ni dai ban ga lokacin da aka yi ba."

Lahadi, 12 ga wata, da hantsi

Ƙafafun Mama sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. In ta kwanta numfashi ya ƙi, sai na jera mata matasai ta jingina. Na zauna ina danna ƙafar da yatsa ina kallon ramin da ke ƙin cikewa.

Tun ɗazu nake tunanin kifi. A gidan nan an daina ambatar kifi tun watan jiya. Yaya ya haɗa wa wani mai gidan sanyi sola, baturan suka mutu ba su ko shekara ba, aka wayi gari kifin mutumin ya ruɓe kaf. Yaya ya kwana biyu a tsare, a inda Mama ba ta so a faɗa. A rana ta uku sai ga shi a gida, Kawu ya ce an sasanta, a bar maganar. Ni lokacin hannuna na rataye a wuya, murna kawai na yi. Ban tambayi da me aka sasanta ba.

A makon ne ya ce in huta, shi zai riƙa kai Mama.

Akwai ma ranar da ya zo ɗaukarta a motar abokinsa, ya ce tawa tana caji.

Ruwa ba ya tsami banza. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Litinin, 13 ga wata, da yamma, a asibiti

Sun kwantar da Mama. Ruwa ya taru a ƙirjinta. Tun a motar haya take jan numfashi kamar mai hawan dutse, ina riƙe da kanta ina ce wa direban ya taka.

Likitan ya duba ta, ya juyo ya ce, "Wa ke kula da ita?" Na ce ni. A gaban mutane ya wanke ni tas. Wai ana wasa da wankin ƙoda ne? Wai in ba zan iya ba in faɗa wa manyan gidan. Yaya yana tsaye a bayana, ya iso ke nan da kwalkwali a hannu. Likitan ya miƙa masa hannu ya ce, "Yallaɓai, ku riƙa sa ido."

Yaya ya ce, "In sha Allahu."

In sha Allahu. Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Ko ya ce ba laifina ba ne, ko ya ce mota ce. Tayil ɗin ƙasa ya yi ta kallo.

Na koma bakin gadon Mama.

Talata, 14 ga wata, da rana

Numfashin ya ɗan sauka. Ta tambaya ko yayana ya ci abinci.

Alhamis, 16 ga wata, bayan la'asar

Na bar matar Yaya a wurin Mama na dawo gari, na ce kaya zan ɗauko. Gidan sanyin na tafi.

Ban san me na je yi ba. Wataƙila so nake in gani da idona, don kada gobe a ce min zargi nake. Wurin yana ƙarshen layin masu kifi, mata sun yi layi da robobi, ana fito da kwali-kwali na kifi yana hayaƙin sanyi. Na ce ina son ganin mai wurin. Wani dattijo ne mai fara'a, da rigar sanyi a cikin wannan zafin. Da na ce ni ƙanwar mai haɗa sola ce, sai ya washe baki ya sa a kawo min kujera.

Ya ce, "Yayanki ɗan halak ne. Mun ɗan samu saɓani, amma ya wanke kansa. Zo ki ga abin da ya kawo min."

Ya kai ni wani ɗan ɗaki a baya. Ga su nan a kan kanta ta ƙarfe, a jere, masu tsabta, wayoyi a ɗaure tsaf, wata 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa. Ya ce tun da aka sa su injin sanyinsa bai taɓa tsayawa ba, ko an kwana biyu ana hadari. Ya ce Yaya ya tabbatar masa za su yi shekaru. "Na waje ne, ya ce da ƙyar ya samo su."

Na ce lallai da ƙyar.

Na ɗora hannu a kan ɗaya. Da ɗan ɗumi. Shekara shida na yi ina ɗinki ido na ruwa kafin in mallaki motar nan, ga rabin ranta a nan yana gadin kifi.

Mutumin bai yi min komai ba. Shi ma cutarsa aka yi da farko. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na rasa inda zan sauke abin da ke cina. Da zan tafi ya sa aka naɗe min kifi manya guda biyu, wai in kai wa Mama. Na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba. Na ba wata mata a tasha.

Har yanzu hannuna ƙarni yake.

Asabar, 18 ga wata, da yamma

Na yi niyyar ba zan gaya wa Mama ba sai ta warke. Ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Auta, kin je wurin mai kifi." Matar Yaya ta ji ƙarnin a mayafina, ta kawo rahoto.

Na ce na je.

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Sannan ta ce, "Ni na ce ya ɗauka."

Na ci gaba da shafa man. Ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙi tsayawa.

Ta ce mutumin ya rantse sai an kai yayana kotu in ba a kawo batura masu kyau cikin mako ba. Ta ce ya zo ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar yaro. Ya ce mata ba za a ma gane ba, motar za ta kai mu ta dawo da mu, in ya farfaɗo zai mayar da sababbi.

Na ce, "Mama, me ya hana ki tambaye ni?"

Ta ce, "Na san za ki bayar."

"To?"

"Za ki bayar, amma za ki riƙe shi a ranki har ki mutu. Na san abin da na haifa. Na gwammace ki ji haushin ƙarfe da ki ji haushin ɗan'uwanki."

Na ce, "Kin san saura ƙiris ki tafi ranar Litinin? Ba batirina kaɗai kika ba shi ba, har da ranki."

Ta ce, "Ai nawa ne."

Na ce, "Batirin kuma nawa ne."

Ban taɓa mayar wa Mama magana haka ba. Matar da ke gadon kusa ta juya mana baya don kunya. Mama ta rufe ido ta ce in ja mata bargo. Na ja mata. Na fita baranda na tsaya ina kallon masu shanya.

Tana zaune a bayan motar nan ranar da na kashe sanyi. Tana ciki ranar da motar ta mutu a bayan gada. Tana jina ina zagin kamfani, ina zagin zafi, ina zargin kaina. Ta sani, tana fifita.

Litinin, 20 ga wata, da rana

An yi mata wanki. Ta ci abinci. Mun yi maganar sabulu da maganar ruwan zafi.

Laraba, 22 ga wata, bayan magariba

Matan ofis sun samu wani direban. Sun ce na ɗan lokaci ne. Na san irin ɗan lokacin nan.

Kawu ya kira zama a falonmu, ni da Yaya da shi. Ya fara da cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce ɗan'uwa rabin jiki. Na ƙirga a raina ko zai kai ga mai haƙuri da dutsensa, ya kuwa kai. Duk karin maganar duniya a kaina aka sauke su. Ba a samu ko ɗaya da ta dace da Yaya ba.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, tambaya ɗaya gare ni. Haƙurin me zan yi? A faɗi sunan abin, sai in yi haƙurinsa."

Kawu ya ce abin da ya wuce ya wuce.

Na ce, "Mene ne ya wuce?"

Yaya yana murza hularsa a hannu. Ya rame, na gani, ba makauniya ba ce ni. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki ba ni makullin kwana biyu."

Dariya ta kuɓuce min, irin wadda ba ta da daɗin ji. Kawu ya ce, "Ke Auta." Na ce motar tana garejin Dogo, duk mai son taɓa ta ya taɓa ta a can, a gaban idona, da rana tsaka.

Haka aka tashi. Har yanzu ba wanda ya faɗi sunan abin.

Asabar, 25 ga wata, da yamma

Wuni guda na yi a garejin Dogo a kan benci.

Yaya ya zo da sassan batir a bayan a-kori-kura, ya lulluɓe su da bargo. Na solar gidansa ne, ya kwance su kaf. Dogo ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya ce ba sababbi ba ne, amma sun fi waɗanda ke cikin motar nesa ba kusa ba. Wai ba su isa riƙe gidan sanyi ba, shi ya sa ba a kai wa mai kifi su ba tun farko.

Wato yana da waɗannan. Yana da masu dama-dama a gidansa suna juya masa fanka, ya zaɓo matattu ya zuba a motar da ke kai uwarsa asibiti. Na ɗauka na gama jin haushi, ashe akwai wani a ƙasa.

Su biyu suka yi aikin, ba mai magana sai "miƙo" da "riƙe nan". Na zuba wa hannun Yaya ido. Hannun nan ne ya koya min tuƙi. Ko yau ɗin ma bai iya ɗaure waya a karkace ba.

Da suka gama na ce wa Dogo ya gaya min gaskiya, ba irin ta 'yan'uwa ba. Ya ce za ta kai ni asibiti da saura, amma dawowa sai na ƙara caji a can. Ya ce in na ririta ta za ta yi shekara biyu, wataƙila da ɗan ɗori, daga nan sai a sake lissafi. Shekara biyu, a madadin abin da sai na gaji da shi.

Yaya ya zo inda nake yana goge hannu. Ya ce, "Auta."

Na jira.

Ya ce, "Kada ki bari ya sauka ƙasa da ashirin."

Na karɓi makullina.

Lahadi, 26 ga wata, da yamma

An sallami Mama. Matar Yaya ta ce gidansu duhu tun jiya, yara sun kasa barci don zafi. A gabana ta faɗa, tana satar kallona. Na ce Allah Ya kawo sauƙi.

Litinin, 27 ga wata, bayan la'asar

Mun je mun dawo.

Mun fita da wuri. Mama ta shiga baya da matashinta, muka gaisa kamar baƙi. Muna barin gari na hango babur a madubi. Kwalkwalin na fara ganewa. Ban gaya masa lokacin fitarmu ba, kuma ba sai na tambayi wanda ya gaya masa ba. Bai matso ba, bai yi hon ba, bai ɗaga hannu ba. In na tsaya a danja ya tsaya can baya. In na tashi ya tashi.

A asibiti bai shigo ba. Da na fito jona caji na gan shi a tsallaken titi, zaune a kan babur a rana, ya bar aikinsa na yau gaba ɗaya. Ban je ba. Awannin da aka yi ana wankin yana nan. Wani zai ce a yaba masa. Ni ban aike shi ba, kuma zaman rana ba ya mayar da abin da aka ɗauka.

A dawowa Mama ba ta yi gyangyaɗin da ta saba ba. Ta juya rabin jikinta, ta ɗora haɓa a kan kujera, tana kallon gilashin baya. Matar da aka gama wanke wa jini, wadda ko kofi ba ta iya riƙewa. Ni da ke tuƙa ta ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Bayan gada wata tirela ta shiga tsakaninmu da shi, ga babur ɗin nasa tsoho ne, ba ya son hawa. Ya ɓace daga madubi. Na ji numfashin Mama ya canza. Ta ƙara miƙa wuya.

Na ɗaga ƙafa daga totur. Na bar tirelar ta wuce, na bar wasu motoci biyu suka wuce suna yi min hon, har kwalkwalin ya sake fitowa ƙarami a madubi. Mama ta sauke ajiyar zuciya ta gyara zama.

Ban yafe ba. Ina so a san wannan. In wani ya tambaye ni, zan ce tafiya a hankali tana ririta batir.